Almakashi a Bakin Tapajos

Da asuba nake ɗaure jakata a goshin kwale-kwale:
almakashi ɗaya, ambulan hamsin,
da allon hotunan kifaye da ruwan sama ya cinye rabin launinsa.
Injin Valdeci sai ya yi tari uku kafin ya yarda.
Muka bi Tapajos sama, inda kogi ya sauya fuska,
da shuɗi ne, yau kamar kunun da aka dama da laka.

A ƙauyen farko Dona Zenaide ta dafe ƙeyarta:
"Gashina za ki yanka? Ki kai wa wa?"
Na ce, "Iya, ɗan tsinke ne, kusa da fata.
Gashi ba ya ƙarya,
yana riƙe lissafin abin da ciki ya manta."
Don ta yarda na fara yanke nawa,
na rubuta sunana, na liƙe da yawu.
Ta yi dariya, ta sunkuya.
Hannun da ta riƙe kofi da shi yana kaɗawa
kamar ganyen ayaba, alhali babu iska.

Zaiba.
Ɗigo ɗaya na kawo cikin kwalba mai murfi.
Yara suka matso, ido waje:
ga azurfa mai gudu, ga ruwan da ba ya jiƙa komai.
Na ce kada kyansa ya ruɗe ku.
Can sama masu haƙar zinariya ke kama ƙura da shi,
su ƙona, hayaƙi ya hau, damina ta dawo da shi.
Laka ta sha, ƙaramin kifi ya tsotsi laka,
babba ya haɗiye ƙarami,
mu kuma mu hura wuta, mu matsa lemun tsami,
mu suɗe yatsa.

"Ku ci kifin da ba ya cin kifi."
Na faɗa har akun gidan Ozeias ya haddace.
Paku da jaraki, masu kiwon ganye da 'ya'yan itace, ku ci ku ƙoshi.
Tukunare mai ido a wutsiya, ku rage,
masu juna biyu ku kau da kai.

Ozeias ya ajiye komarsa, ya dube ni sama da ƙasa:
"Yarinya, koma ba ta iya karatu ba.
Abin da ya faɗa ciki, shi ne na dare.
Kin zo da allo, to ina nama?"
Na rasa ta cewa.
Mai zubar da guba na can yana auna gwal a sikeli,
wanda bai taɓa riƙe gwal ba, shi ake cewa ya sauya tukunya.

Ban gaya masa Edimilson yayana
yana kan jirgin haƙa, kwana biyu daga nan,
ban ce da ƙurar zinariyarsa aka biya mini kuɗin makaranta ba,
har da wannan almakashi.

Wata biyu, takardu suka dawo daga Santarem.
Na karanta wa kowa lambarsa a ƙarƙashin mangwaro,
a hankali, kamar mai zare ƙaya daga tafin yaro.
Tawa na bari ƙarshe.
Ba ta fi ta Dona Zenaide kyau da yawa ba.

Da yamma na sauka bakin ruwa in wanke fuska.
Ga Ozeias tsugune, yana raba kamun yau gida biyu.
Paku uku ya tura gefen Marlusia, 'yarsa,
wadda cikinta ya kai wata bakwai.
Tukunare ya jawo gabansa.
Bai ɗago ba ya ce,
"Ni nawa gashin ya riga ya yi fari."

Akun na kan reshe, yana ta maimaita karatuna.